“Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba”: shin maganar ta shafi ba da labari a taron bita?

Malamar firamare, Daura: Assalamu alaikum. A tarurrukan bita na yanzu, jagoran taro yakan nemi kowa ya ba da labarin wani abu da ya taɓa samunsa, domin mahalarta su saba da juna kafin a shiga aiki. Wata dattijuwa ta ƙi, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shin maganar ta faɗa a muhallinta?

Malamin gona, Katsina: Malama, a fahimtata wannan magana kan amana take, wato sirrin da wani ya ba ka ajiya, amma labarinka naka ne. Na ga taron manoma da kowa ya yi gum, sai da mutum ɗaya ya faɗi yadda ƙuduji, wato ciyawar nan mai kashe amfanin gona, ya cinye masa gero har rumbunsa ya ƙare kafin bazara, sannan bakin saura ya buɗe, domin kowa ya ji ciwonsa a bakin ɗan'uwansa.

Dattijo, Daura: Malam, ka taƙaita ma'anar. Ciki yana riƙe asirin mai shi ma, kamar rashi da zaman aure, kuma magana zarar bunu ce. Jagoran taro zai koma garinsu, alhali mahalarta maƙwabta ne da gobe za su haɗu a masallaci da wurin suna. Iyayenmu mata sun san hanyar da ba ta tona kowa: da an ce “ga ta nan, ga ta nanku”, an amsa “ta zo mu ji ta”, sai a ɗora wa Gizo kwaɗayin da kowa ya san mai shi. Idan kwamitin rijiyar burtsatse yana rikici, a tuna musu macijin Kusugu da ya hana mutanen Daurama ɗibar ruwa sai ranar Juma'a kafin zuwan Bayajida, sannan a tambaye su abin da ke tsare musu ruwa yau. Za su yi bayani ba tare da an kama suna ba.

Malamin gona: Baba, na karɓi wannan a kan rikici da abin kunya. Amma asarar gona ba abin kunya ba ce, kuma Gizo ba zai faɗe ta kamar wanda ta sama ba. Zan ci gaba da neman irin wannan labari daga wanda ya yarda, in ƙyale wanda ya yi shiru.