Tambaya kan battar tabar Rasha mai baƙin zane

Ɗan_Gwanjo:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin kayan tarihi, battocin garin taba na azurfa da aka yi a Rasha zamanin Sarauniya Katarina, wannan baƙin zanen da ke jikinsu fenti ne ko me? Abin ya burge ni ƙwarai, shekara sama da 200 amma zanen na nan raɗau.

Maƙeriya:
Wa alaikassalam. Ba fenti ba ne ɗan'uwa, ƙarfe ne. Ana narka azurfa da tagulla da dalma da farar wuta su zama baƙi, a niƙa, sai maƙeri ya sassaƙa zanensa a jikin battar ya cusa garin cikin ramukan ya sa a wuta, ya narke ya kama jikin azurfar, sannan a goge a yi ta gogewa har ya yi sumul, shi ya sa ba ya ɓarewa. Garin Veliky Ustyug da ke arewacin Rasha su ne gwanayen aikin, a can wasu 'yan'uwa biyu masu suna Popov suka buɗe masana'anta a 1761. Har taswirar gari suke zanawa a kan murfi. Ni wallahi na fi son waɗannan a kan masu lu'ulu'u.

Abu_Hanifa:
Gaskiya ne anti. In ka ga lamba 84 a jikin kayan azurfar Rasha, ma'auninsu ne na tsabtar azurfa, 96 ce zalla, kenan 84 daidai take da 875 cikin 1000.

Malam_Tarihi:
Ku ƙara da cewa batta a fadar ba ta shaƙar taba kaɗai ba ce. Katarina, wadda ta yi mulki daga 1762 zuwa 1796, kyautarsu take yi wa janar-janar da jakadu, ta zinariya mai hotonta kewaye da lu'ulu'u, wanda ya samu kowa ya san ya shiga gaba. Irin waɗannan yawanci baƙin maƙera ne ke yi a Petersburg, kamar Ador mutumin Suwizalan. Kuma ɗanta Sarki Paul da aka kashe a 1801, ruwayar da ta fi shahara ita ce da battar zinariya Zubov, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙulla kisan, ya buge shi a kai kafin a shaƙe shi.

Ɗan_Gwanjo:
Innalillahi, da batta! Na gode malam. To ina ake ganin irinsu yanzu?

Malam_Tarihi:
Gidan tarihi na Hermitage a Petersburg, suna da su da yawa.