Sun sa hoton maigidana a Facebook wai infoman ɓarayi ne, don Allah ku ba ni shawara

Baiwar Allah: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni Bahaushiya ce, daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. Maigidana Bafillace ne, amma a nan aka haife shi, rugar mahaifinsa na bayan gari tun kafin a haife ni. Lokacin aurenmu Iya ba ta so ba, ta ce ba za ta ba ɗan daji 'yarta ba, sai da kawuna ya tsaya tsayin daka. Lefena ma har yau ana gorinsa, wai akwati biyu ne kawai, alhali saniya sukutum aka ba ni sadaki, kuma ta haihu. Ban taɓa yaji ba. Yaranmu huɗu. Shi dillancin shanu yake yi, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, ni kuma ina suyar awara a gida, ina adashi.

To watan jiya aka sace wa wani mutum shanun huɗa guda biyu a garinmu. Ba a kwana uku ba sai ga hoton baban yara a Facebook, an zagaye fuskarsa da jan layi, an rubuta wai ga infoman ɓarayi, daga can aka kwaso shi zuwa WhatsApp ɗin samarin gari. Abin da aka rubuta a ƙasa ba zai maimaitu ba, har da masu cewa a ƙone rugar. Yanzu Inna, surukata, sai ta dawo da nononta yadda ta fita da shi. A Islamiyya ana ce wa yarana 'ya'yan ɓarawo. Ran Juma'a da dare an jefi kwanon ɗakinmu. Shi ya ce in bar wa Allah. Ni kuwa barci ya gagare ni. Me zan yi?

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya kawo miki ɗauki 'yar uwa. Amma waye ya fara sa hoton? Kuma ina ya samo shi?

Sakatare: Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau, na san irin wannan lamari. Kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton allon wayar, rubutun da sunan mai shafin da kwanan wata, har da maganganun masu cewa a ƙone ruga. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 26 ya yi magana a kan yaɗa zagi ko barazana ga mutane saboda ƙabilarsu ko addininsu, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 10. Gobe maigidanki ya je ofishin 'yan sanda da takardar ƙorafi a rubuce, ya karɓi kwafi. In suka yi masa wasa, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Dutse. Duk wanda ya ce miki ki yi haƙuri kawai, so yake a yi gawa.

Manomin Fadama: Sakatare kana Dutse kana shan fanka. Bara saura mako guda in yanke shinkafata aka tura mini shanu cikin dare, ko buhun iri ban tsira da shi ba. Na kai ƙara, na ƙare kuɗin mota, ba a ba ni ko sisi ba. Wane sashe ne nawa? Ban ce mijinta ɓarawo ne ba, amma ba banza mutane suka fusata ba.

Ɗan Ardo: Malam, Allah ya mayar maka da alheri, amma masu shigowa da kaka daban, mazauna daban. Mu da muke zaune da ku mu ake fara yi wa sata, mu kuma ake fara kamawa. Burtalin da kakana yake bi da shanu yau gero ne a kai har bakin kwalta. Wa na sa a Facebook?

Manomin Fadama: Ai kun san junanku.

Sakatare: Ga shi nan, da wannan kalmar ake kashe mutane. Watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Kano suna hanyar dawowa gida hutun sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16, akasarinsu 'yan Bunkure. Ba kotu, ba shaida. Duk Arewa muka yi kuka. Waɗancan ma cewa suka yi ai duk ɗaya ne, sun san junansu. Yanzu mu ne muke yi wa na gida. Kuma ku lura, irin shafukan nan masu kiran Hausa zalla, yaro yana cajin waya a shago yana sauraronsu safe da yamma, me kuke zato zai fito da shi?

Baiwar Allah: Na gode Yaya Sakatare, amma maganar 'yan sanda ba za ta yiwu ba. Maman Hanif, hoton na ranar sunan autata ne. Ƙanina ne ya ɗauka, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara sa shi. Amma wallahi ba halinsa ba ne, zuga shi aka yi, kuma akwai 'yar tsama tsakaninsu tun da baban yara ya hana shi aron babur.

Maman Hanif: Au! To ai da kin faɗa tun farko.

Sakatare: Ƙaninki ko ba ƙaninki ba, doka ba ta san wannan ba. Wanda ya sa fuskar mijin yayarsa a gaban masu neman jini ya riga ya yanke zumuncin da kansa.

Hajiya Babba: Kai Sakatare ka ji tsoron Allah. Ta ɗaure ɗan uwanta shekara biyar, ta kalli uwarta da wane ido? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. 'Yata, ki samu kawun nan naki da ya tsaya miki, ya ɗauki yaron su je gaban dagaci, a kira ardo da liman. Ya goge, ya yi sabon rubutu da sunansa cewa ƙarya ya yi, liman kuma ya faɗa a masallaci ran Juma'a. Ni kishiyata ta taɓa yi mini sharrin satar sarƙa, shekara guda ba na shiga biki, da mai unguwa aka gama, ko da yake har yau ba ta nemi gafarata ba, kuma maigidan yana gani ya yi shiru.

Ɗan Sumaila: Ni Bahaushe ne Kirista, iyayena Maguzawa. Ku kwana uku aka yi muku kuna kuka. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma sai da aka ce in kawo wanda zai rantse ni ɗan nan ne, a ƙasar da kakannina suke kwance. Shawarata, ki fitar da yaran zuwa wajen dangi kafin a gama sulhun. Sulhu yana da kyau, amma da rana ake yin sa.

Baiwar Allah: In na kwashe yara ai an ce mun gudu, gaskiya ce ke nan. Hajiya, dagacin namu mai shanun da aka sace surukinsa ne, shi ya sa ban je ba. Kawu kuma ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Ƙanin nawa ya goge nasa tun shekaranjiya da Iya ta yi masa kuka, amma ya ce ba zai rubuta ƙarya ya yi ba, abokansa za su ce Fulani sun saye shi. Hoton kuma yana nan a wayoyin mutane.

Sakatare: To ki wuce dagaci ki je wurin hakimi. Na faɗa miki, a rubuce. Kuma ku taru ku kai ƙarar shafin ga Facebook.

Ɗan Ardo: Mun sha kai ƙarar irin waɗannan, amsar da ke dawowa wai bai saɓa ƙa'ida ba. Maigidanki ya je ya samu shugaban Miyetti Allah na ƙaramar hukumarku.

Manomin Fadama: Ya shigo da ƙungiya, maganar gida ta zama ta ƙabila. Ku dai ku yi ta ba ta shawara.

Baiwar Allah: Shi ko sanin na yi wannan rubutun bai yi ba, in ya ji sai ransa ya ɓaci. Jibi Alhamis, ya ce sai ya je Maigatari, kuma da asuba yake fita shi kaɗai a kan babur. Ni tambayata, akwai wanda ya san yadda ake goge hoto daga wayar wasu?

Maman Hanif: Ba a iyawa 'yar uwa.