Neman shawara: harsashin .38 Special a libarbar .357 Magnum

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Libarbata .357 Magnum ce, ina son in riƙa yin atisaye da .38 Special saboda bai kai harsashin .357 dukan hannu ba. Shin hakan na lalata bindiga?

Maƙerin bindiga: Wa alaikumus salam. Ba ya lalata ta. Kaurin ƙwayar ɗaya ne, tsawon kwanso ne kawai ya bambanta: na .38 inci 1.155, na .357 inci 1.290. Da gangan aka tsawaita shi lokacin da ya fito a 1935, don kada ya shiga bindigar .38 wadda ba za ta jure matsin psi 35,000 ba (psi ma'aunin matsi ne). Na .38 na yau da kullum bai wuce 17,000 ba.

Abin da za ka sa wa ido shi ne ramukan silinda, wato inda ake zuba harsashi. Gajeren kwanso yana barin fili na kamar milimita 3.4 a gabansa, nan baƙin albarushi da dalma da man ƙwaya suke daskarewa su yi zobe. Ranar da ka koma dogon harsashi sai ya cije wurin shiga, ko kwanson ya ƙi fita bayan harbi. Mafi muni, zoben yana matse bakin kwanso ya hana shi sakin ƙwaya da wuri, matsi ya ƙaru. In harsashi bai zauna da kansa ba, kada ka tura shi da ƙarfi.

Wankewa: ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ciki. Jiƙa kowane rami da ruwan wanke bindiga, ka bar shi minti goma zuwa sha biyar. Sai ka murza da buroshin tagulla na .40, don na .357 ya yi wa ramin siriri. Goge da ƙyalle, haska da tocila, ka shafa mai kaɗan ka sake gogewa. Buroshin baƙin ƙarfe kam ka bar shi, yana karce rami.

Mai koyar da harbi: Gaskiya ne, Malam. In za ka haɗa su a zama ɗaya, fara da Magnum, ka ƙare da .38. Saiti ma yakan sauya: ƙwaya mai nauyi marar gudu takan bugi sama, domin bakin bindiga ya fara ɗagawa kafin ta fita.

Mai tambaya: Na gode. Ke nan kowane gajeren harsashi zai yi?

Maƙerin bindiga: A'a, ɗan'uwa! .44 Special a .44 Magnum daidai ne. Amma .38 S&W wani abu ne daban, ya fi kauri. Haka .22 LR a silindar .22 Magnum haɗari ne, ramin ya fi shi faɗi, kwanson yakan tsage. Karanta rubutun jikin bututu da littafin kamfani tukuna.

Mai koyar da harbi: Kuma a wanke a ranar. Zoben da ya kwana yana riƙe danshi, tsatsa ta ci ramin ta ƙarƙashinsa.