Neman littattafan soyayya da suka dace da 'yan shekara 15 zuwa 18

Jama'a, a taimaka da sunayen littattafai don ƙungiyar karatu ta ɗaliban babbar sakandare. Na da, irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun dace, sai dai samun kwafi goma iri ɗaya ya yi wuya.

Na yanzu kuwa a Wattpad da WhatsApp suka fi yawa. Farko lafiya lau, sai an yi nisa batsa ta kutso kai, ko a yanke labarin a ce sai an biya. Ga rashin edita: ba ƙ, ba ɗ, rabin zance Turanci.

Ana son bugagge, kada ya wuce shafi 200, wanda jarumarsa ke fama da jarabawa da matsin lambar aure tun tana gaban iyayenta. Wanne kuka karanta har ƙarshe, kuma a wane shago ake samunsa a Kano ko Zariya?