"Abin da mutum ya shuka, shi zai girba": ta dace da maganar ceto?

Manomin Zuru: Salama gare ku. Sau da yawa a wurin jana'iza nakan ji mai wa'azi ya ce marigayi ya tafi girbin abin da ya shuka. Amma a Littafi Mai Tsarki, Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba don ayyukanmu ba, kada kowa ya yi fariya. To ina girbi ya shigo?

Maman Tagwaye, Yauri: Ɗana, ai maganar tana cikin Galatiyawa 6:7, kuma Manzo Bulus ne dai ya rubuta wasiƙun biyu. Zai ƙaryata kansa ne?

Malamin Makarantar Lahadi, Gusau: Haka ne Mama, sai dai a duba waɗanda ya rubuta wa. Masu bi ne, sun riga sun karɓi Almasihu. Tun a sura ta 2 ya faɗa musu ba a kuɓuta ta wurin kiyaye Shari'ar Musa. Shukar da yake nufi ita ce zaman mutum bayan ya sami ceto: ko ya bi son zuciya, ko ya bi Ruhu. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23, me ya shuka ban da ɓarna? Amma a ranar Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi.

Manomin Zuru: Wato ceto ba golmo ba ne, da saurayi zai shekara da shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata.

Dattijo, Birnin Kebbi: Ku bi a hankali, yara. Na ga matasa sun mai da alheri lasisin sheƙe aya. Manzo Yakubu ya ce a wasiƙarsa bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. Ni ba zan jefar da karin maganar ba.

'Yar Zumuntar Mata, Gusau: Baba, ni damuwata inda ake yaɓa ta. Ciwo ya kwantar da mutum, sai a koma gefe ana cewa girbinsa yake yi. Almajirai ma sun tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, sun shuka gero da dawa, ko zangarniya ba su kai rumbu ba. Wa zai dubi idonsu ya faɗi wannan magana? Su kam, 2 Korantiyawa 4:18 nake karanta musu: abin da ido ke gani na ɗan lokaci ne, wanda ba ya gani madawwami ne.

Maman Tagwaye, Yauri: Allah ya mai da su gidajensu lafiya. A gidan makoki na yarda a bar ta. Amma jikokina, musamman mai ƙin zuwa sujada, gobe ma sai sun ji ta.