Zagayen cin abinci a kasuwar Khan al-Khalili: abin da aka tattauna

Assalamu alaikum. Tattaunawar da aka yi kan yadda za a zaga cin abinci a kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira ta yi tsawo, ga abin da na tsinto don masu shirin zuwa.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A je da yunwa. Kushari kaɗai, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, ya isa ya rufe ciki. Mutum biyu su raba kwano ɗaya.
2. Ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya abincin safe ne. Ta'amiyya 'yar uwar ƙosai ce, amma da waken ful ake yin ta, cikinta kore shar saboda ganye.
3. A ci inda 'yan gari suka yi layi, a sha ruwan gora.
4. Karkade dai zoɓonmu ne. Ruwan raken da ake matsewa a gabanka ya fi samun yabo.
5. A tambayi kuɗi kafin a zauna. Kayan ƙamshi ana tayawa, dafaffen abinci ba a yi.

Inda aka rabu shi ne ɗan jagora. Wasu sun ce a biya mai lasisi, don ya san lungunan bayan masallacin Husaini. Wasu suka ce jagora yakan ja mutum shagon da zai sami kamasho, gara a nemi ɗalibanmu na Azhar, tunda masallacin Azhar yana tsallaken titi. Ni na fi karkata ga ɗaliban, amma don Allah a sallame su da kyau.

Kan batun lokacin zuwa, masu yara sun zaɓi hantsi, sauran sun ce sai bayan Magariba kasuwar take cika.