Makero a kan yarona ya ƙi jin magani, ya kai a ga likitan fata?

Maman Khalifa, Jekadafari

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 7, yana aji biyu na firamare. Bayan ƙaramar Sallah na ga wani ɗan zagaye a ƙeyarsa, bai fi murfin kwalbar lemo ba. Gashin wurin ya kakkarye, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Na san makero ne, ai mun yi shi muna yara.

Kakarsa ta ce a goga masa tafarnuwa da lemon tsami. Yaro ya yi ta ihu, wurin ya saɓule, na daina. Sai na je kemis aka ba ni wani kirim mai haɗin magani uku. Cikin kwana huɗu ƙaiƙayi ya tsaya, wuri ya yi sumul, har na yi hamdala. Mako biyu da daina shafawa sai ga shi ya dawo, kuma da 'ya'yansa: yanzu wuri huɗu ne. Ɗaya ya kumbura ya yi luguf, yana tsattsafo da ruwa, da safe sai in ga tabo a jikin matashin kai. Ƙanwarsa da suke kwana katifa ɗaya ita ma ta fara sosa kai.

Babansu ya ce a aske kan ƙwal a shafa man birki. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In ƙara sayen kirim ɗin ne, ko abin ya wuce nan?

Mai aski, Pantami

Wa alaikumus salam Hajiya. Man birki na mota ne, ki ba Alhaji haƙuri, ƙona fatar yaron kawai zai yi. Shekarata 14 da kilifa a hannu, kuma zan faɗi gaskiya ko da a kanmu take: da yawa a shagonmu ake kwasowa. Ranar jajibirin Sallah yara talatin a layi, wa yake da lokacin wanke bakin kilifa da buroshi tsakanin kai da kai? A hura, a ɗan haska wuta, a kira na gaba. Ki saya masa kilifarsa da matajinsa. Kuma kada a sa reza a kan wurin nan da ya kumbura.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada

Maman Khalifa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki ƙara sayen kirim ɗin. Ɗauko kwalinsa ki duba, na tabbata za ki ga betamethasone ko clobetasol a jiki. Waɗannan sitiroyid ne, aikinsu kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Shi ya sa kika ga wurin ya yi sumul, amma ƙwayar cutar tana nan, ta ma samu sarari ta bazu tunda an danne garkuwar fatar. Kullum muna ganin wannan.

Makeron jiki, a fatar hannu ko ta ciki, yana jin kirim irin su clotrimazole idan an daure mako biyu zuwa huɗu. Na kai ba haka yake ba. Ƙwayar cuta ce dangin naman gwari (fungus) da ke shiga cikin silin gashi har tushensa, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Dole sai maganin sha. Wanda aka fi bai wa yara shi ne griseofulvin, mako 6 zuwa 8, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka kada ki aika a sayo miki a kemis. Ana ba shi bayan abinci mai maiƙo ko da madara, ya fi shiga jiki. Kuskuren iyaye shi ne da gashi ya fara tsirowa a mako na uku sai a ajiye kwalba. Zai dawo.

Wancan da ya kumbura shi ya fi damuna. Ba maruru ba ne, jiki ne yake faɗa da cutar da ƙarfi, kuma ba a tsaga shi. Idan aka yi jinkiri yana iya barin tabo, gashi ya ƙi fitowa a wurin har abada. Wannan kam ya kai a ga likita a makon nan. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Ƙwararru a nan Gombe, ki fara da sashen ganin likita na yau da kullum, in da buƙata su za su tura ku wurin likitan fata. Ki tafi da ƙanwar, ki tafi da kwalin kirim ɗin.

A gida kuma: kowa da hularsa da tawul ɗinsa, a wanke rigar matashi da ruwan zafi a shanya a rana. Shamfu mai ketoconazole sau biyu a mako yana rage yaɗuwa, a bar kumfar minti biyar. In kuna da kyanwa ki duba ko gashinta yana zubewa.

Baba Malam, Wunti, Bauchi

'Yata, ki bi maganar malamar asibiti. Ni abin da zan ƙara na masu karatu ne. Ɗan ƙanena ya yi shekara guda da wani tabo mai haske a kafaɗa, kowa yana cewa kyasbi ne. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo, shi ya sa ba wanda ya damu. Ranar da muka je asibiti aka ce ya rufe ido, aka shafa masa auduga a wurin, bai ji komai ba. Kuturta ce ta fara. Ya sha magani wata shida, kyauta ake bayarwa, yau yatsunsa goma cif yana ɗinkinsa. Kyasbi in ka kankare shi yana tashi da ɗan gari. Tabon da aka taɓa bai ji ba, wannan ba na kemis ba ne.

Maman Khalifa, Jekadafari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, wallahi clobetasol ne a jikin kwalin. Mun je ranar Talata. An ɗora shi a sikeli, an ɗan kankari wurin an ciri gashi an kai gwaji, an rubuta masa na sha na mako takwas. Ƙanwar ma an ga ɗan ƙarami a bayan kunnenta, ni ban ma lura da shi ba. Likita ta ce zai iya ci gaba da zuwa makaranta tunda ya fara magani, mu koma bayan mako huɗu. Na manna takarda a jikin firji ina jan layi kullum bayan ya sha da madararsa. Yau layi na shida. Babansu ya sayo kilifa, amma har yanzu yana cewa su a zamaninsu man birki ne ya warkar da su.